Direbobin manyan motoci: Shekara nawa suke yi a kan sitiyari, me kuma ke sauke su?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Zariya da daddare ya san Mararrabar Jos. Tireloli da tankoki jere a hagu da dama, masu shayi da masu tsire sun kunna fitilu, yaran mota suna kwance a ƙarƙashin bodi, direbobi kuma suna zaune a kan benci suna jiran gari ya waye ko bakanike ya gama aiki. Haka abin yake a Tafa da Mokwa da Ogere da Obollo-Afor. Idan mutum ya tsaya ya ƙare wa fuskokin nan kallo, zai lura da wani abu: matasa sun fi yawa, masu furfura kaɗan ne. To ina dattawan sana'ar suke tafiya, kuma me ke raba su da ita?

Tambayar ta shafe ni kai tsaye. Kawuna ya shiga harkar mota tun bai fara aske gemu ba, ya yi shekaru yana yaron mota kafin a ba shi sitiyari, sannan ya shafe sama da shekara ashirin yana jan tirela tsakanin Kano da Legas. Bai bar tuƙi don ya tara abin da zai ishe shi ba. Bayansa ne ya fara ƙin zama, daga baya idonsa ya daina gani sosai da dare. Ranar da ya miƙa makulli, abin da ya fito da shi shi ne ɗan kuɗin sallama da mai motar ya ga dama ya ba shi, da kuma ledar magunguna. Ya ƙare a bakin tasha yana haɗa masu kaya da masu mota ana ba shi kamasho. Irin wannan labari ba baƙo ba ne a kowace unguwa da ke da direbobi, shi ya sa ya kamata a daina kallon sa a matsayin ƙaddarar mutum ɗaya.

Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce

Ƙasashen da suka fi mu tsari ma suna fama da riƙe direbobin manyan motoci. A Amurka, alƙaluman ƙungiyar kamfanonin dakon kaya ta ƙasar sun shafe shekaru suna nuna cewa a manyan kamfanonin da ke doguwar tafiya, sauyin direbobi yakan kai kusan kashi 90 cikin 100 a shekara. Wato kamfanin da ke da gurbin direba ɗari sai ya ɗauki kusan sababbi casa'in kafin shekara ta zagayo. A 2021 ƙungiyar ta ƙiyasta cewa ƙasar na da giɓin direbobi kimanin 80,000. A wannan shekarar ce Birtaniya ta ɗanɗana kuɗarta: ƙungiyar masu dakon kaya ta can ta ce ana neman direbobi kusan 100,000, gidajen mai suka ƙafe a watan Satumba, har gwamnati ta buɗe bizar wucin gadi ga direbobi 5,000 daga waje.

Sai dai akwai abin lura a alƙaluman Amurka. Yawancin wannan sauyi ba barin sana'ar ba ne gaba ɗaya, tsalle ne daga wannan kamfani zuwa wancan don neman ƙarin kuɗi ko samun kwana a gida. Kuma sababbin shiga ne suka fi gudu, musamman a shekarar farko. Kamfanonin da direbobinsu ke komawa gida a kai a kai, suke kuma biyan albashi mai kyau, ba sa fama da wannan matsala sosai. Darasin a fili yake: ba tuƙin ne ke korar mutane ba, yanayin da ake yin tuƙin ne.

A Najeriya lissafin ya ɗan bambanta. A can direba na barin aiki ne saboda yana da wani wurin zuwa. A nan rashin aikin yi ya sa kullum akwai wanda ke jiran makulli, don haka mai mota ba ya jin zafin tafiyar direba nan take. Wannan ne ya sa matsalar take ɓoye. Kujerar ba ta zama babu kowa, amma wanda ke kanta yana ta sauyawa, kuma sau da yawa wanda ya zo bai kai wanda ya tafi ƙwarewa ba.

Ƙofofi uku da ake fita ta cikinsu

Idan aka bi rayuwar direban babbar mota a ƙasar nan, za a ga wurare uku da aka fi ficewa.

Ƙofa ta farko ita ce lokacin koyo. Har yanzu hanyar da aka fi shiga sana'ar ita ce ta zama yaron mota, wanda ake kira karen mota. Shi ne mai wanke mota, mai duba ruwa da baƙin mai, mai ɗaure tamfol, mai sa wejin taya a kan gangara, mai gadin kaya idan maigida ya tafi barci. Ba shi da albashi tsayayye, sai abin da direba ya miƙa masa. Babu ranar da aka yanka masa ta yaye. Yana iya yin shekara uku, yana iya yin bakwai, ya danganta da halin ubangidansa da kuma ko an samu mai motar da zai yarda da shi. Da yawa ba sa kai wa ƙarshe. A da yaro ba shi da zaɓi sosai, amma yanzu adaidaita sahu da acaba suna ba shi kuɗi a hannu kullum, ya kuma kwana a gida. Wanda ya kwatanta wannan da shekarun kwana a ƙarƙashin tirela, ba wuya ya juya.

Ƙofa ta biyu tana tsakiyar tafiya, lokacin da direba ya yi aure, 'ya'ya suka fara tasowa. A nan ne lissafin kuɗi da na iyali ke karo. Wasu sukan sauya ubangida sau da yawa suna neman inda ya fi dama. Wasu sukan sauka daga tirela su koma ƙaramar mota mai zuwa ta dawo a rana ɗaya, ko tifa mai ɗaukar yashi a cikin gari. Wasu kuma haɗari ɗaya ko fashi ɗaya ne ke sa su rantse ba za su sake hawa ba.

Ƙofa ta uku ita ce wadda kawuna ya bi: mutum yana so ya ci gaba, jiki ya ƙi. Waɗanda suka jure har suka kai nan su ne suka fi kowa sanin hanya da mota, kuma su ne suke fita ba tare da wani tanadi ba. Ƙalilan ne ke samun ƙofa ta huɗu, wato su mallaki motar kansu su zama iyayen gida, kuma tsadar mota da kayan gyara tana ƙara ƙuntata wannan ƙofa.

Don haka amsar tambayar shekara nawa direba ke yi ta danganta da ƙofar da ya fita. Wanda ya tsallake shekarun koyo da na farkon tuƙi yakan daɗe, har shekara ashirin ko talatin. Abin damuwar shi ne yadda ake fitar, da kuma yawan waɗanda ke zubewa a hanya.

Kuɗin da ba ya tsayawa a hannu

Jama'a na kallon direban tirela a matsayin mai kuɗi, saboda ana ganin sa da damin takardun kuɗi a aljihu. Yawancin wannan kuɗi ba nasa ba ne, kuɗin hanya ne. Da shi zai sayi gas, ya biya rasit, ya ci abinci shi da yaransa, ya yi faci, ya sallami masu shinge. Abin da ya rage, idan ya rage, shi ne ribarsa. A wurin masu motoci da dama, albashin wata ɗan kaɗan ne ko ma babu, ana biya ne a kan kowace tafiya.

Wannan tsari yana nufin duk wani jinkiri a kan direba yake faɗawa. Idan ya yi kwana biyar a layin lodi a defo, ko mako guda yana jiran a sauke kaya, ko motar ta lalace a daji, kwanakin nan ba wanda ke biyan sa, kuma yana cin kuɗin hanyarsa. Waɗanda suka yi aikin tashar jiragen ruwa ta Apapa a shekarun cunkoso sun san wannan sarai, lokacin da motoci ke yin makonni a kan gada kafin su shiga. Tsarin kiran motoci ta intanet mai suna Eto, wanda Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta fara a watan Fabrairun 2021, ya rage layin, amma bai sauya ƙa'idar da ke cewa lokacin direba ba shi da farashi ba.

Sannan ga tsadar gas. Man dizal ba ya cikin tallafi tun da daɗewa, kuma daga 2022 farashinsa ya yi tashin gwauron zabo har lita ta haura naira dubu. Faɗuwar darajar naira ta ninka kuɗin taya da batir da kayan inji. Mai mota da ya ga riba na raguwa yakan matse inda ya fi sauƙin matsewa: ya rage kuɗin hanya, ya jinkirta gyara, ya sayi tsohuwar taya, ya ƙara lodi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, direba ne ke ɗaukar nauyinsa da jikinsa. Direban tanka kuma yana da ƙarin fargaba: idan aka auna mai a wurin saukewa aka ga ya yi ƙasa, daga kuɗinsa ake cirewa, ko laifinsa ne ko ba nasa ba.

Ba a maganar kuɗin direba ba tare da maganar shingaye ba. Daga kasuwar hatsi ta Dawanau ko kasuwar shanu ta Wudil zuwa Mile 12 a Legas, ko zuwa Onica da Fatakwal, mota na ratsa jihohi da ƙananan hukumomi masu yawa, kuma kusan kowacce tana da masu karɓar haraji a bakin titi, ban da jami'an tsaro da 'yan ƙungiya da matasan gari masu gicciya katako mai ƙusoshi. Gwamnatoci sun sha sanar da hana wannan, ana ɗagawa na ɗan lokaci a dawo. Ba kuɗin kaɗai ke cin rai ba, har da wulaƙancin: magidanci mai 'ya'ya ya sauko daga mota yana roƙon yaron da bai kai ɗansa ba, ko a fasa masa gilashi saboda ya yi gardama.

Hanya da tsoro

Tsakanin Legas da Kano akwai tafiyar kimanin kilomita dubu. Dokar hanya ta ƙayyade wa tirela da tanka gudun kilomita 60 a awa a kan babban titi mai hannu biyu, 50 a kan sauran manyan hanyoyi. Ko da titin lafiya lau yake, ana maganar tuƙin awa goma sha bakwai zuwa ashirin ke nan, ban da tsayawa. To titin ba lafiya lau yake ba. Wanda ya bi ta Lambata zuwa Bida, ko Mokwa zuwa Jebba da damina, ya san yadda mota ɗaya da ta kafe ko ta faɗi ke tsayar da ɗaruruwa na kwanaki. Lokacin da gadar Tatabu ta karye a 2017, sai da aka karkatar da zirga-zirgar Arewa da Kudu zuwa wasu hanyoyin da su ma ba su da ƙarfin ɗaukar nauyin.

Ga kuma rashin tsaro. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari da ta Funtuwa zuwa Gusau sun yi ƙaurin suna wajen tare motoci da sace mutane. A watan Fabrairun 2020, a garin Auno da ke kusa da Maiduguri, an kashe matafiya kimanin talatin aka ƙona motoci, ciki har da manya masu ɗauke da kaya, bayan dare ya riske su an rufe hanyar shiga birni. A Kudu maso Gabas, tun da aka fara dokar zaman gida ta ranar Litinin a 2021, an sha kai wa motocin kaya hari. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a watan Fabrairun 2021, ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki, kuma cikin ƙorafinta har da kashe mambobinta da karɓar kuɗi a hanya. A waɗancan 'yan kwanakin kowa ya ga yadda tumatir da albasa da nama suka yi tsada a Legas, suka kuma yi kwantai a Arewa.

Direban da ke tsallaka iyaka yana da nasa. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, sun bar motoci jibge a Jibiya da Illela da Maigatari, kaya na ruɓewa, direbobi na cin bashi. Shawara ce da aka yanke a manyan ofisoshi, amma wanda ya kwana a kan iyaka shi ya biya.

Babbar mota a kan titi ba ta da masoyi idan aka yi haɗari. Direba ya san cewa idan ya kaɗe mutum, ko da birki ne ya tsinke, jama'a na iya far masa kafin hukuma ta iso, shi ya sa wasu ke gudu. Idan ya tsira daga wannan, akwai ofishin 'yan sanda da kotu, kuma ba kowane mai mota ke tsaya wa direbansa ba. Mutumin da ke fita daga gida da irin wannan lissafi a zuciya, kowace tafiya yana auna ko ita ce ta ƙarshe.

Jiki da iyali

Zaman awanni a kan kujera mai jijjiga yana cin baya da gwiwa. Abincin bakin hanya, ƙarancin motsa jiki, da barcin da ba shi da lokaci suna jawo hawan jini da ciwon suga. Wani bincike da hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yi a 2010 a kan direbobin doguwar tafiya ya gano cewa kusan bakwai cikin goma suna da ƙiba fiye da kima, kuma kusan rabi suna shan taba. Can ke nan, inda ake tilasta wa direba gwajin lafiya a kai a kai. A nan direbobi da yawa ba sa sanin jininsu ya hau sai ranar da suka faɗi.

Batun hutu shi ne ya fi tsanani. A Tarayyar Turai, doka ta ce direba ya yi tuƙin awa tara a rana, ya huta minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi, kuma akwai na'ura a cikin mota da ke rubuta komai. A Amurka iyakar ita ce awa 11 bayan hutun awa 10, kuma tun Disambar 2017 na'urar lantarki ce ke ƙirgawa. Direbanmu da ke ɗauke da tumatir daga Kadawa ko shanu daga Potiskum, agogonsa shi ne kayan da ke bayansa: idan ya tsaya tumatir ya ruɓe, saniya ta faɗi, mai kaya yana ta kira a waya. Daga nan ne ake shiga goro da shayi mai kauri, a wuce zuwa gadagi, wasu su kai ga tiramadol da sauran ƙwayoyi. Abin da aka fara sha don kore gyangyaɗi shi ke komawa ya kori mutum daga sana'ar, ko ya kai shi kabari tare da wasu.

Iyali ma suna biya. Direban doguwar tafiya yakan yi makonni bai ga gidansa ba. Suna da jana'iza da rashin lafiyar yaro duk a waya yake jin su. Tarbiyya ta koma hannun uwa ita kaɗai. Akwai kuma abin da ba a son faɗa: zaman garuruwan da ake yada zango yana jefa wasu cikin hulɗar da ke kawo cuta gida, abin da ya sa shirye-shiryen yaƙi da cutar ƙanjamau suka daɗe suna mayar da hankali a kan irin waɗannan wurare. Ba duka direbobi ne haka ba, akwai masu tsoron Allah da yawa da ba sa wasa da salla ko a tsakiyar daji. Amma duk wanda ya ce nisa da gida ba ya taɓa aure, bai zauna da matan direbobi ba.

Me ya shafi wanda ba direba ba?

Ya shafe shi ta hanya biyu. Ta farko aljihunsa. Jirgin ƙasa ya isa Kano tun 1911, amma a yau kusan duk abincin da muke ci, da siminti da taki da man fetur, a bayan mota suke tafiya. Duk kwanan da mota ta ɓata a hanya da duk nairar da aka karɓa a shinge, a kan mudun masara da kwandon tumatir ake ɗora su.

Ta biyu ransa. Tuƙin tirela ba tuƙin ƙaramar mota ba ne, shi ya sa lasisinta ma daban yake, aji na G. Sanin yadda ake sauka gangara da giya ba da birki ba, yadda mai ke kaɗawa a cikin tanki a kan kwana, da tazarar da mota mai lodi ke buƙata kafin ta tsaya, abubuwa ne da shekaru ke koyarwa. Duk gogaggen direban da ya sauka, ilimin nan ya tafi da shi. Mun ga abin da faɗuwar tanka ɗaya ke iya jawowa: a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024 mutum fiye da 150 suka rasu, a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja a Janairun 2025 fiye da 80. Gaskiya ne cewa ɗibar man da jama'a suka yi ne ya yawaita asarar rayukan, kuma ba nufina in ɗora wa direbobin waɗancan motoci laifi ba. Abin nufi shi ne, kayan da ke bayan irin wannan mota sun fi ƙarfin a miƙa su ga wanda bai ƙware ba ko wanda bai yi barci ba. Bayan waɗannan haɗurra gwamnati ta hana lodin tankoki masu ɗaukar lita 60,000 daga ranar 1 ga Maris, 2025. Mataki ne mai kyau, amma ya tsaya a kan girman tanki, bai taɓa mutumin da ke gaba ba.

Su ma direbobi da nasu laifin, kuma ɓoye shi ba gata ba ne. Miƙa wa yaro sitiyari da dare a kwanta barci, ɗibar fasinja a kan buhuna ko a saman shanu, sayar da gas ɗin mota, fakin a kan titi ba alama, da gicciye tirela a babbar hanya duk lokacin da aka yi saɓani da jami'i har marasa lafiya da masu naƙuda su maƙale, duk suna zubar da mutuncin sana'ar, suna kuma rage tausayin da jama'a za su yi musu.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, rubutacciyar yarjejeniya tsakanin mai mota da direba. A fayyace albashi, kuɗin hanya, wanda zai ɗauki asara idan kaya ya lalace, da abin da za a biya a kan kowane kwanan jira. Ranar da jira ya zama yana da farashi, masu defo da masu kaya za su daina ɓata lokacin mutane. Ƙungiyar masu motocin haya ta NARTO da ƙungiyoyin direbobi za su iya fitar da takarda guda ta bai ɗaya, da Hausa da sauran harsunan da direbobi ke karantawa.

Na biyu, dokokin da ake da su a yi aiki da su. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi kulawa ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa. Tun 2019 akwai tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu, wanda mutum zai riƙa zuba abin da ya sawwaƙa. Ƙungiyoyin NURTW da RTEAN da reshen direbobin tanka na NUPENG suna karɓar kuɗi a kowane lodi. Haƙƙin mambobi ne su san nawa ake tarawa, kuma a ware wani kaso a zuba a asusun fansho da na lafiya da sunan kowane direba. Taƙaddamar da aka yi a watan Satumban 2025 tsakanin NUPENG da matatar Dangote kan shigar direbobin sababbin motoci 4,000 masu amfani da iskar gas cikin ƙungiya ta nuna yadda kowa ke son direba ya zama nasa. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, ko a kamfani ko a ƙungiya, me direban zai tarar ranar da ya sauka?

Na uku, hutu da wurin hutu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta tilasta sa na'urar rage gudu a motocin haya tun 2017, tana kuma duba tankoki a defo kafin lodi. Ya kamata ta ƙara da sa ido a kan awannin tuƙi, ta fara da manyan kamfanoni, tare da wajabta direba biyu masu lasisi a doguwar tafiya. Amma ba za a ce wa mutum ya huta ba alhali babu inda zai tsaya. Jihohin da manyan hanyoyi suka ratsa su gina garejin manyan motoci na gaske, mai tsaro da ruwa da banɗaki da masallaci da ɗan asibitin da za a auna jini da ido. Kuɗin da za a karɓa a ƙofar irin wannan wuri, direba zai biya da daɗin rai fiye da wanda ake ƙwata a shinge.

Na huɗu, a gyara hanyar shiga da ta fita. Yaron mota ya san shekarun da zai yi, a haɗa koyon da yake yi a hanya da horo a makarantar tuƙi, ya fito da lasisin da ya ci jarrabawa ya samu ba wanda aka sayo masa ba. Tsofaffin direbobin da jiki ya hana su doguwar tafiya su ne malaman da suka dace da waɗannan makarantu, da aikin duba motoci da tsara tafiye-tafiye a kamfanoni. Asara ce mutum mai ilimin shekara talatin ya ƙare yana jiran kamasho a bakin tasha.

Na biyar, haraji guda a wuri guda. A biya a inda aka yi lodi, a ba da rasit ɗin da kowace jiha za ta amince da shi, a kuma hukunta duk wanda aka kama ya gicciya katako a titin tarayya. Gwamnonin Arewa da na Kudu duk suna kukan tsadar abinci. Ga wuri ɗaya da za su iya rage ta ba tare da sun kashe ko kwabo ba.

Babu sana'ar da mutum ke yi har abada, kuma ba laifi ba ne direba ya ajiye makulli. Abin da bai dace ba shi ne ya ajiye shi saboda tsoro ko bashi ko wulaƙanci tun yana da sauran ƙarfi, ko kuma ya riƙe shi har sai jiki ya ƙare sannan a sallame shi hannu rabbana. Yaran da ke kwance a ƙarƙashin tireloli a Mararraba yau suna kallon yadda iyayen gidansu ke ƙarewa, kuma da wannan suke yanke shawarar ko za su tsaya. Allah Ya tsare matafiya, Ya kai kowa gida lafiya.